Biyayya da Cin Amana a Fadar Azzalumi: Tarken L'Atlantide da Babylon 5

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin adabin Hausa ba baƙo ba ne ga labarin fada da makircin fadawa. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, waziri ne ya haɗa baki da Sarkin Sinari don a kawar da Musa ɗan sarki, aku kuma ya tsare amanar da aka bar masa. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, hassadar fadawa ce ta sa sarki ya kori Makau daga gari. A duka biyun sarki mutumin kirki ne, mugunta daga ƙasa take tasowa, don haka wanda ya bi sarki ya riƙe amana ke nan. Matsala tana tasowa idan sarkin da kansa shi ne mugun, ya shiga kakkaɓe fadarsa yana hallaka na kusa da shi. A nan ne biyayya da amana suke raba hanya, bafade ya rasa wadda zai bi.

Wannan takarda za ta duba yadda ayyuka biyu na ƙagaggun labaran kimiyya suka sarrafa wannan jigo. Na farko shi ne L'Atlantide na Pierre Benoit, wanda aka gina a kan duwatsun Ahaggar na kudancin Aljeriya. An buga littafin a 1919, aka yi ta mayar da shi fim, har Jean Kerchbron ya mayar da shi wasan talabijin a Faransa a 1972, inda Ludmilla Tchérina ta fito a matsayin sarauniya. Na biyu shi ne Babylon 5, wasan talabijin mai dogon zango na Amurka da J. Michael Straczynski ya tsara, aka nuna daga 1994 zuwa 1998. Game da L'Atlantide, za a dogara ga labarin yadda Benoit ya shimfiɗa shi, domin shi ne ƙashin bayan duk fina-finan da suka biyo baya.

2.0 Ma'anar Biyayya da Amana

Kalmomin nan biyu sukan zo tare a bakin mutane, amma ba abu ɗaya suke nufi ba. Biyayya ita ce bin umarnin wanda yake sama da kai, sama kawai take kallo. Amana kuwa ita ce duk abin da aka danƙa maka bisa yarda, ko dukiya ko asiri ko rai, kuma tana iya zuwa daga sarki, ko aboki, ko bara, ko baƙon da ya ce ka nuna masa hanyar rijiya. Bahaushe ya ce bin na gaba bin Allah, shi ne kuma ya ce kowa ya ci amana, amana za ta ci shi. Muddin na gaba adali ne, maganganun biyu ba sa karo. Abin da wannan takarda take son tabbatarwa shi ne, a fadar azzalumi duk wata cikakkiyar biyayya da amanar wani ake biyan kuɗinta, kuma ingancin labari irin wannan yana ga yadda ya nuna wa mai kallo wanda aka ci amanarsa da hannun da ya ci.

3.0 Muhallin Labarin L'Atlantide

Wanda ya tashi daga Agadas ya bi ta Arlit da Assamaka ya shiga Aljeriya ta In Guezzam, a Tamanrasset zai sauka, garin da fatake da 'yan ci-rani masu jin Hausa suka daɗe da sani. Yamma da Tamanrasset akwai Abalessa, gaba da ita kuma akwai Silet, ƙaramin gari mai gonakin dabino a bakin hanyar da ta nufi iyakar Mali. A kan wani tudu a Abalessa kabarin Tin Hinan yake, matar da Abzinawan Ahaggar suke ɗauka kakarsu. A 1925 Byron Khun de Prorok da Maurice Reygasse suka tone kabarin, suka tarar da ƙasusuwan mace da mundayen zinariya da na azurfa a hannuwanta, aka kwashe su zuwa gidan tarihi na Bardo a birnin Aljas. Manazarta da dama suna danganta sarauniyar Benoit, wato Antinea, da wannan kaka ta Abzinawa.

Ya kamata ɗalibi ya riƙe wasu shekaru, domin labarin ya jingina da su. A ran 16 ga Fabrairu 1881 Abzinawan Ahaggar suka hallaka Kanar Paul Flatters, wanda ya zo auna hanyar jirgin ƙasa da za ta ratsa Sahara. 'Yan jagorarsa ne suka raba shi da sauran ayarinsa suka kai shi wata rijiya inda aka yi masa kwanton ɓauna, daga baya aka ba waɗanda suka tsira dabino mai guba. A ran 7 ga Mayu 1902 sojojin Faransa ƙarƙashin Laftanar Cottenest suka karya Abzinawan a yaƙin Tit, tsakanin Tamanrasset da Abalessa. Don haka lokacin da littafin ya fito, mai karatu a Faransa ya riga ya saba jin sunan Ahaggar haɗe da yaudarar ɗan jagora.

4.0 Labaran a Taƙaice

A L'Atlantide, hafsoshin Faransa biyu, Laftanar Saint-Avit da Kyaftin Morhange, suna tafiyar bincike a hamada sai suka ceci wani Ba'abzine daga ambaliyar kwari. Ya ce sunansa Eg-Anteouen, alhali kuwa Cegheir-ben-Cheikh ne, yaron sarauniya Antinea. Ya sa wa ɗan jagorarsu Bou-Djema guba, ya ja su cikin wani kogo ya bugar da su da hayaƙin wiwi, suka farka a wata ɓoyayyiyar fada cikin dutse, saura daga tsohuwar daular Atlantis da Aflatun masanin falsafar Girka ya ambata. Al'adar Antinea ita ce ta ɗauki baƙo ta yi zama da shi, in ta gaji ta watsar, shi kuma ya mutu da begenta. Sai a shafe gawarsa da wani ƙarfe ta hanyar lantarki, kamar yadda ake yi wa 'yan kunne ruwan gwal, a kafa ta a wani zaure na jan dutse mai gurabe 120. Lokacin da hafsoshin suka iso an cike 53. Morhange, wanda ke da niyyar shiga zaman zuhudu, ya ƙi sarauniya. Ita kuma ta juya kan Saint-Avit, ta sa ya kashe abokinsa da gudumar azurfa. Ya gudu tare da wata baiwa mai suna Tanit-Zerga, wadda ta mutu a hanya. Bayan shekara shida Cegheir-ben-Cheikh ya zo ɗaukarsa, ya kuwa bi shi.

A Babylon 5, daular Centauri ce ta faɗa hannun wani matashin sarki mai suna Cartagia. Manyan fada ne suka ɗora shi, musamman Refa, da sanin jakada Londo Mollari, suna zaton za su riƙa juya shi. A kashi na huɗu, wanda aka nuna a 1996 da 1997, Londo ya koma gida ya tarar sarki ya tara kawunan waɗanda ya sa aka kashe yana hira da su, kuma ya yarda duniyarsu ta ƙone ƙurmus in dai za a ɗaukaka shi ya zama abin bauta. Londo ya ƙulla makircin kashe shi tare da mataimakinsa Vir Cotto da kuma tsohon abokin gabarsa G'Kar, jagoran al'ummar Narn da Centauri suka mamaye.

5.0 Warwarar Jigo

5.1 Azzalumi da Hannun Aro

Abu na farko da ayyukan biyu suka yi tarayya a kai shi ne, azzalumin aron hannu yake yi. Antinea ba ta fita hamada farautar maza, kawo mata ake yi. Ba ita ke shafe gawa ba, akwai ma'aikata. Akwai kuma Le Mesge, wani malami Bafaranshe mai kula da ɗakin littattafanta, wanda ke zagayawa da baƙi cikin zauren gawawwaki yana karanta musu suna da lambar kowa, yana kuma kawo hujja daga tsofaffin littattafai cewa sarauniya fansar matan da maza suka yaudara take ɗauka. Haka Cartagia, dogarai ne suke yi wa G'Kar bulala, su ne suka ƙwaƙule masa ido don kawai sarki bai ji daɗin kallon da ya yi masa ba, fadawa kuma suna tsaye suna murmushi. Zauren Antinea da tarin kawunan Cartagia aiki ɗaya suke yi a zubin labari. Kowannensu lissafi ne da ke gaya wa mai kallo cewa kisan ya zama tsari, kuma akwai sauran gurbi ga wanda ke tsaye yana kallo. Lambar nan 120 ita ce mafi ƙarfin dabarar Benoit, domin da zarar an ji 53 mai karatu zai ƙirga na 54 da na 55 da kansa.

5.2 Biyayya Maras Tausayi

Cegheir-ben-Cheikh shi ne misalin bara wanda biyayya ta cinye. Mutanen da suka tsamo shi daga ruwa su ya kai wa mutuwa. Bou-Djema ya gane shi a matsayin ɗaya daga cikin waɗanda suka hallaka ayarin Flatters, saboda haka ya rufe masa baki da guba. Amana uku ya ci a tafiya ɗaya: ta wanda ya cece shi, ta abokin cin abinci, da ta matafiyin da ya miƙa wa ɗan jagora ransa, wadda a hamada babu wadda ta fi ta nauyi. Duk da haka Benoit ya ba shi wani ɗan haske. Da ya tarar da Saint-Avit yana gudu, bai kama shi ba, ya ba shi raƙumi ya nuna masa hanya don ya biya bashin ceton da aka yi masa. Sai dai ya gaya masa cewa zai dawo da ƙafarsa. Wato ko alherinsa bai rage wa uwargijiyarsa komai ba, jinkiri kawai ya jawo.

Rauni a ginin wannan tauraro shi ne ba a ba shi dalili ba. Ba a nuna tsoro ne ke riƙe da shi ba, ko kwaɗayi, ko imani da cewa halaka hafsoshin Faransa kare ƙasarsa ne. Da an buɗe wannan ƙofa ta ƙarshe, da labarin ya juye, domin mutumin da ke kai sojojin mamaya ga halaka mayaudari ne a idon Faransa, amma ba lallai ya zama haka a idon mutumin Silet ko Abalessa ba. Benoit ya bar shi a lulluɓe cikin rawani, yana aiki kamar ƙaddara.

5.3 Aboki Ya Kashe Aboki

A nan ne kwatance ya fi amfani, domin kowane aiki yana da fitowar da tauraro ya kashe amininsa. Saint-Avit ya kashe Morhange a cikin maye, da kishi, da umarnin sarauniya. Da ya farfaɗo ya yi yunƙurin kashe ta, damisarta ta hana shi. Amma ƙarshen labarin ya warware wannan nadama, tunda ya koma gare ta da son ransa, ya san gurbi na 55 ke jiransa kusa da na abokinsa. Salon da marubucin ya bi ya ƙara sassauta laifin. Saint-Avit ne da kansa ke ba da labari ga wani hafsa mai suna Ferrières a sansanin Hassi-Inifel, kuma maimakon mai sauraro ya ƙyamaci abin da ya ji, sai shi ma ya ɗaura sirdi ya bi shi. Da haka aka mayar da cin amana wani ciwon so da ya fi ƙarfin mutum, aka ɗora alhakin a kan kyawun mace.

A Babylon 5, cikin fitowar da aka nuna a 1995, ɓangaren Refa sun shirya a ayyana Urza Jaddo, abokin Londo tun ƙuruciya, a matsayin maci amanar ƙasa, abin da zai rusa gidansa duka. Urza ya nemi taimakon Londo, daga baya ya gane cewa Londo yana tare da masu neman bayansa. Sai ya ƙalubalance shi faɗan takobi, ya bari da gangan Londo ya soke shi, saboda a ƙa'idar faɗan wanda ya yi nasara shi ke ɗaukar iyalin mamaci su shiga gidansa. Ta haka Urza ya sayi tsaron iyalinsa da ransa, ya bar wa Londo amanarsu. Londo yana cikin hankalinsa, ba maye ba sihiri, kuma ya san cewa kwaɗayinsa na dawo da girman daula ne ya ba Refa ƙarfin yin wannan aika-aika. Wannan fitowa ta fi ta Benoit nauyi, domin ba ta ba mai laifi mafaka ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, Londo kuwa ya zama duka biyun.

5.4 Masu Riƙon Amana

Abin lura ne cewa a ayyukan biyu amana a hannun ƙananan mutane ta rage. Tanit-Zerga 'yar sarautar Gao ce da aka kamo aka bautar. Ita ce ta yi jinyar Saint-Avit, ita ta shirya gudu, ita kaɗai ce a fadar da zuciyarta ke wani wuri daban, wato garinsu a bakin kogin Kwara. Ta mutu da ƙishirwa bayan raƙuminsu ya faɗi, suka kuma tarar da rijiya a ƙafe. Sakayyar da labarin ya yi mata ita ce wanda ta fitar ya koma inda ta fitar da shi.

Vir Cotto shi ma ƙaramin ma'aikaci ne da kowa ke yi wa kallon sakarai. Tun a kashi na uku ya ƙirƙiri sunan wani jami'i na bogi, ya riƙa sa hannu a takardu yana rubuta cewa 'yan Narn sun mutu alhali fitar da su yake yi zuwa tudun mun tsira. Ya saɓa wa daularsa da alƙalami, irin makamin da Le Mesge ke yi wa Antinea hidima da shi. Ranar da aka shirya kashe Cartagia a duniyar Narn, allurar gubar ta kuɓuce wa Londo, Vir ne ya ɗauka ya soka wa sarki. Wasan bai yi masa kiɗan jarumta ba. An nuna shi daga baya ya sha ya bugu, yana kukan abin da hannunsa ya aikata. Ta fuskar biyayya Vir ya yi mafi girman laifi, ta fuskar amanar miliyoyin rayuka kuwa shi ya fi kowa tsare ta, kuma wasan ya bar shi ɗauke da nauyin duka biyun.

Babylon 5 ma yana da nasa rauni. Da aka mayar da Cartagia mahaukaci tuburan, an sauƙaƙa wa mai kallo hukunci, har ya zama kamar allura ɗaya ta isa maganin zalunci. Abin da ya rage wannan rauni shi ne wasan bai manta waɗanda suka ɗora shi ba, ya ci gaba da bin Londo da alhakinsa har ƙarshen rayuwarsa.

6.0 Abin da L'Atlantide Ya Rufe

Manazarci ba zai tsaya ga abin da labari ya faɗa kawai ba, sai ya duba abin da ke faruwa a ƙasar da aka aro lokacin da ake rubutun. Shekara biyu kafin fitowar littafin, Kawsan tare da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya, daga Disamba 1916 zuwa farkon Maris 1917. Da dakaru suka iso daga Damagaram suka karɓe garin, an kashe mutane fiye da ɗari a Agadas da Ingal ba tare da shari'a ba, cikinsu har da malamai. Tagama ya mutu a kurkukun Faransawa a Agadas a 1920. Kafin wannan, a 1906, Faransawa sun tuɓe Sarkin Damagaram Amadu Ɗan Bassa bisa zargin ƙulla makirci, suka kai shi Kwaddibuwa, suka danƙa garin ga Ballama, wani bawan fada. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da tafinta da ɗan rahoto da sojan haya, domin da ɗan gari kan ci gari.

Ke nan a zahiri akwai mai kakkaɓe fadoji a Sahara a wancan zamani, akwai kuma barori masu biyayya maras tausayi, amma ikon a hannun hafsoshi irin su Saint-Avit yake. Littafin ya juya hoton, ya sa hafsan Turawa ne abin farauta, mace 'yar hamada ce mafarauciya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Fim ɗin Edgar G. Ulmer na 1961 ya matso kusa da gaskiya ba tare da ya nufa ba, inda ya sa gwajin bam ɗin nukiliya ne ya rusa fadar Antinea. Faransa ta fasa bam ɗinta na farko a Reggane ran 13 ga Fabrairu 1960, sannan daga 1961 zuwa 1966 ta yi gwaji 13 a cikin dutse a In Ekker, arewa da Tamanrasset. A gwajin 1 ga Mayu 1962 dutsen ya kasa riƙe tururin, guba ta fito ta bi iska. Kimiyyar da ta shiga cikin duwatsun Ahaggar ke nan a zahiri, kuma mazauna yankin ba su da gurbi mai suna da lamba a zauren kowa.

7.0 Kammalawa

An ga cewa ayyukan biyu sun yarda azzalumi ba ya iya kakkaɓe fadarsa sai da hannun barorinsa, kuma kowace biyayya da aka yi masa akwai wanda aka ci amanarsa a cikinta: Bou-Djema, Morhange, Urza Jaddo, G'Kar. Inda suka bambanta shi ne wurin ajiye alhaki. L'Atlantide yana da ƙarfin siffantawa da dabarar jan hankali, amma ya wanke maci amana da sunan so, ya hana baran sarauniya dalili, ya kuma kawar da ido daga kisan da ake yi a ƙasar da ya ara. Babylon 5 ya bar alhaki a wuyan wanda ya ɗora azzalumi da wanda ya yi shiru, har da wanda ya kashe shi.

Ƙagaggen labarin kimiyya ba sabon abu ba ne a Hausa, tun da Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969. Marubuci ko mai shirya wasan talabijin da zai ɗauki jigon mulkin zalunci yana da kayan aiki a Agadas ta 1917 da Damagaram ta 1906, yana kuma da kalmomi biyu da harshen ya riga ya bambanta masa. Ɗalibin da zai yi tarken irin wannan aiki, ko na gida ko na waje, ya fara da tambayoyi uku: wa ya ba da umarni, hannun wa ya zartar, kuma amanar wa aka ci kafin umarnin ya cika.